Tsamiyar Malam Hamidu Bayan La'asar

Jiya Nasiru ɗan ƙanwata ya tsaya ƙofar shagon nan, ya ɗaga waya ya latsa wa darbejiyar bakin titi, ya shafa yatsa launi ya gudu, ya miƙo mini yana dariya. "Kawu, ga baƙi-da-fari irin naku, har na gama." Na karɓa na duba. Rana tsaka ce, icce ya fito kamar an yafa tsumma a kan sanda. Na ce masa, kai dai ka gama, hoto kam bai soma ba. To tunda yau kun taru kuna jiran cajin waya, ba inda za ku, ku gyara zama ku ji yadda ake ɗaukar icce. Wanda ya san zai katse ni ya tashi tun yanzu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ɗiban ruwa ne. Ubangidana Oga Lasisi, Bayarabe ne mutumin Ogbomosho, shagonsa na bayan kasuwar Jega, lokacin nan duk muna ƙarƙashin Sakkwato. Mahaifina manomin albasa ne a wajen Kimba, ya so in riƙe fartanya, ni kuwa na ce sai hoto. Ya kai ni da kansa, ya ce wa Oga, "Ga shi nan, in bai ji ba ka buga." Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini bokiti. Sai in ɗebo ruwan rijiya in tace da farin ƙyalle, in sake tacewa, in zuba a randa ya kwana. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ruwan wankin hoto, za ta ja layi a fuskar mutum daga goshi har haɓa, ka je ka yi wa mai fuska bayani. Na daɗe ina ruwa da wanke faranti da yanke gefen katin hoto da almakashi mai haƙora kafin a bar ni in taɓa kyamara.

Kyamarar kuwa ba irin wadda kuke gani a hannun masu biki ba ce. Akwati ce baƙa mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ana rataye ta a ciki a leƙa ta sama. Abin da ke dama sai ka gan shi a hagu, ka matsa nan ya gudu can, sabon shiga har jiri yake ji. Fim ɗaya hoto goma sha biyu ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an shiga ɗakin duhu an wanke. Ba gogewa, ba sake wani. Ɗakin duhun namu ɗan ƙuƙumin ɗaki ne da aka toshe ko'ina da bargo, jar fitila ɗaya, da injin bugawa da muke haɗawa da batirin mota. Da bazara in ka shiga ka fito kamar an tsamo ka daga gulbi. Shi ya sa wankin fim da sassafe ake yi, ana idar da sallar asuba, kafin ruwan randa ya ɗumama. Ruwa mai ɗumi yana narkar da fuskar fim, aikin mako guda ya bi bokiti.

Masu zuwa shago ba ruwansu da duk wannan. Manomin Aliero ya sayar da albasa ya sayi agogo, zai zo ya zauna gaban labulenmu mai zanen bene, ya naɗe hannun riga ya dafe haɓa, ba don tunani ba, don agogon ya fito. Wani da rediyo a cinya, wani ya turo keke har cikin shago. 'Yan makaranta su zo a jere, maniyyata su zo ɗaukar na fasfo suna ta tambaya ko a cire hula. In dai agogo ya fito, ko ka yanke wa mutum kunne ba ya magana. Oga ya ce mini, da Hausarsa mai lanƙwasa, "Umaru, a kan mutane ba za ka koyi haske ba, suna yafe maka da yawa. Je ka ɗauko mini icce."

Na ɗauka wasa ne. Icce da ba ya motsi, ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a jira ya gyara hula? Na fita da hantsi na ɗauko wata ɗorawa a hanyar Kimba, na dawo ina taƙama. Da aka wanke, wallahi ni kaina ban gane ta ba. Baƙin dunƙule ne a sama, baƙin dunƙule a ƙasa, sararin sama fari fat kamar ba a ɗauki komai ba. Oga ya liƙa shi a ƙofar ɗakin duhu inda zan riƙa ganinsa kullum.

Abin da ban sani ba shi ne, baƙi-da-fari bai san kore ba, bai san shuɗi ba. Ganye da ƙasa da sama duk toka-toka suke zama, ba mai raba su sai haske. Rana in tana bisa kai, ta danne icce ne, komai ya cure. Sai ta karkata, bayan La'asar, ta fara zuwa ta gefe, sannan kowane ganye yake samun gefe mai haske da gefe mai duhu, ɓawon icce ya fito da tsagoginsa kamar tafin ƙafar tsoho, ƙasa ma ka ga tudu da kwarinta. Lokacin kuma ba shi da tsawo. Ka yi gaggawa hasken ya yi tsauri, ka yi nawa ya mutu a hannunka. Tsakanin nan ne abincinmu yake, la'asar sakaliya.

Ba kuma ka ba rana baya, ba ka fuskantarta, a kafaɗa kake ajiye ta. Ka kafa ƙafa-uku, ka ɗora kyamara a kai, ka daidaita, ka ɗaure, daga nan ka daina leƙa akwati, ka ɗaga kai ka zuba wa ganye ido, igiyar latsawa a hannunka. Iska ce abokiyar gaba. Ganye yana rawa ka latsa, ka samu hayaƙi. Sai ka jira ta ɗan ja numfashi. Sannan ka kula da inuwarka, don da yamma inuwar mutum tana rigansa shiga ko'ina. Na taɓa ɗauko wata giginya a fadama, kyakkyawa, ga ni nan shimfiɗe a ƙasan hoton da kunnuwana biyu kamar na zomo. Ranar na sha ranƙwashi a wurin Oga. Tun daga nan ban ƙara latsawa ba sai na duba inda inuwata ta kwanta.

Da Oga ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini shagon da kyamarar. Icce bai bar ni ba. Duk fim ɗin da ya rage hoto ɗaya ko biyu, sai in hau babur da yamma in nufi Maiyama ko bayan Aliero in ƙarasa shi a kan kuka ko gawo ko marke. Mutane suka ce Umaru ya taɓu. Wata tsohuwa ta tare ni a gindin kuka ta ce, "Ɗan nan, in mutanen cikinta kaka ɗauka, ka yi musu sallama tukuna." Na ce, Inna, na yi, sun ce in gaishe ki. Ta zunduma mini ashar ta wuce. Daga baya ma'aikatan gandun daji suka ji labari, suka riƙa ba ni aikin ɗaukar shukokinsu. Sai kuma wasu masu saye da ban taɓa zato ba, gidajen malamai. Akwai gidajen da ba a rataye hoton mai rai a cikinsu ko na wane ne, amma icce ba laifi. Sai ka ga almajirin malami babba, mai gemu, ya zo ya zaɓi giginya ya kai zaure. Ta nan aka san ni da Umaru Mai Hoton Icce.

Sai shekarar wahala ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa, ga kuma an tsuke shigo da kaya daga waje. Sabulu ma sai an yi layi, balle fim. In je Sakkwato in dawo hannu wofi, in aika Kano a ce babu. Maganin wanki na riƙa maimaita shi har ya koma kalar shayi. Wanda bai ci ya ƙoshi ba kuwa ba ya zuwa nuna agogo. Masu hoto biyu da muke tare a garin suka rufe, ɗaya ya koma facin taya. Ni na rage da fim guda a cikin kyamara, ina tsakurarsa don masu fasfo, da babban kati ƙwaya ɗaya da na ɓoye a ƙasan akwati, sai 'yan guntaye.

A cikin wannan hali Alhaji Garba ya shigo shagona. Ɗan Aliero ne, falken albasa, ya daɗe da zama a Fatakwal da iyalinsa, yakan zo ya yi lodi ya koma. Muka gaisa, ya zauna, ya yi ta juya hula a hannu. Can ya ce, "Umaru, wata bukata ta kawo ni, kuma na san mai wuya ta."

Matarsa Balkisu ɗiyar Malam Hamidu ce, wani tsohon malami a wani ƙauye gaba da Maiyama. Bayan haihuwarta ta ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance, likita ya ce ba ta iya doguwar tafiya a mota. Malam kuma tsufa ya kama shi, ko Jega ya daina zuwa. Shekaru sun yi nisa ba su ga juna ba, kuma kowa ya san yadda abin zai ƙare, ba mai faɗa ne kawai. Da Alhaji zai taho ya tambaye ta abin da zai kawo mata daga gida. Ba ta ce kilishi ba, ba ta ce zane ba. Ta ce hoton Baba.

Na ce, "Alhaji, Malam Hamidu fa ka ce? Wanda ka biya wa kujerar Makka ya ƙi zama a ɗauki na fasfo?"

Ya ce, "Shi. Ni surukinai na, ko ido ba ni iya haɗawa da shi, balle in kawo mai wagga magana. Kai baƙo na, kai ka iya. Motata na tashi wanshekaren kasuwa. In na koma hannu banza ban san da wane ido zan dube ta ba."

Na leƙa 'yar tagar bayan kyamara mai nuna lamba. Hoto ɗaya ya rage. Na ce masa ban yi alkawari ba, amma mu je.

Mun isa ana shirin La'asar. Alhaji ya laɓe a zauren wani abokinsa, ya nuna mini hanya da baki. A bayan gari na iske tsamiyar, ita kaɗai a bakin gona, babba, an share gindinta tas, ga buzu ga buta ga 'yan littattafai a kan wani dutse. Malam yana tsaye a fili cikin rana, dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, da rawani da sanda. Na ga ya sa alama a ƙasa, yana taka inuwarsa ƙafa bayan ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga hannu, sai na ji ladan ya ɗauki kira daga cikin gari. Garin ba mai agogo, shi ne agogonsu.

Bayan an yi salla na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi akwatin da ke wuyana ya ce, "Kai na mai hoton icce na Jega?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To mi ya kawo ka wurin mutum?"

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Balkisu ita ce ta fari a wurinsa, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Amma kowa a garin ya san a gindin tsamiyar nan ya koya mata karatu da bakinsa har ta sauke. Ina magana yana kallon ƙasa, fuskar nan ba ta motsa ba. Da na gama ya ce, "Waccan ta san ra'ayina. Abin da na hana mutane shekara da shekaru ba ni aikata shi don tawa ta roƙa. Ba ni zama gaban akwatinka."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata wannan wane irin taurin kai ne, mace na kwance. Amma ba a yi wa irinsu gardama. Can dabara ta zo mini, na ce, "Allah gafarta Malam, icce fa? In ɗauki tsamiyar da buzun da butar, in aika mata ta ga wurin da ta yi karatu."

Ya ce, "Icce ba shi da laifi. Amma ka yi man alkawari ba ni ciki."

"Na yi alkawari, Malam. Ko gefen rigarka ba zai shiga ba."

Na kafa ƙafa-uku ta kudu da iccen, rana a kafaɗata ta hagu. Hasken ranar, kai, ban taɓa samun irinsa ba. Sama wanke take tas, ɓawon tsamiyar ya fito ɗaya-ɗaya, butar nan tana ƙyalli. Na ce Malam ya ɗan matsa. Ya tashi ya nufi yamma, yana tafiya a hankali yana kallon ƙasa, ya tsaya, ya ƙara taku kaɗan, ya juyo ya dogara sandarsa. Na leƙa akwati, ba shi ciki, ba alamarsa. Na duba tawa inuwar, ta kwanta can gefe. Na ɗaure komai na kama igiya.

Sai ya ce, "Dakata, mai hoto. Bari in ƙare wuridina, ba ni son ƙarar abin nan ta katse ni."

Ya ciro tazbaha. Ni kuwa ga haske yana tafiya, hoto ɗaya gare ni. Na ɗaga kai na kafa wa ganye ido kamar yadda aka koya mini, ina roƙon Allah kada iska ta taso. Ya ja, ya ja, kamar ba zai gama ba. Rana ta yi ƙasa, saman iccen ya kama haske kamar an kunna shi. Har na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ya ce, "To, bismilla." Ganye ya tsaya cak. Na latsa.

Da asuba na wanke fim. A nagatif komai a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Na ɗaga shi a bakin ƙofa ina duba iccen, ya fito yadda nake so, har na fara murmushi. Sai idona ya sauka ƙasa. Wani dogon abu fari kwance a kan yashi, ya shigo daga gefe ya miƙe har kusa da buzun. Na yanko guntun kati na buga ɗan ƙarami don in tabbatar. Yana cikin faranti yana fitowa a hankali, ga rawani, ga ranƙwafawar kafaɗa, ga hannu, ga sanda. Inuwar Malam Hamidu ce, duk wanda ya san shi ba sai an faɗa masa ba. Lokacin da na leƙa ba ta iso ba. Jiran wuridin nan ne ya ja ta har ta shigo, ni kuma idona na sama.

Alhaji Garba ya zo da hantsi, na nuna masa. Ya riƙe katin, hannunsa na rawa. "Allahu akbar! Umaru, ai shi na! Buga babban, ka naɗe man, in wuce. Wa zai gaya mai?"

Na ce, "Ba wanda zai gaya masa, amma ni na yi alkawari da bakina."

"Ai ba shi ka ɗauka ba, inuwa ta!"

"In inuwa ce kawai, me ya sa hannunka yake rawa?"

Muka yi ta yi har ya fara ɗaga murya. Na ce masa, Alhaji, kati ɗaya gare ni. Ina iya ɗaga injin in yanke ƙasan hoton, ta samu icce da buta, alkawari ya cika. Ina iya buga shi duka. Amma ba ni zan zaɓa ba, ba kai ba, mai inuwa zai zaɓa. In ya ce a ƙone, a gabansa zan ƙone. Ya kira ni mara tausayi, ya fita ya bar hularsa a kan benci. Ni ma ban ji daɗin kaina ba, don matar nan tana raina. Na sa guntun katin a aljihu na hau babur.

Na sami Malam a inda na bar shi, ya idar da La'asar yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya nisanta shi da ido, ya kusanto, ya karkata shi wajen haske. Ya daɗe.

Na ce, "Allah gafarta Malam, inuwarka ta shiga. Wallahi ban gani ba sai da na wanke. Ban buga babban ba, na ce sai ka gani. In ka ce a yanke, in yanke. In ka ce a ƙone, ga ashana."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Surukina ya gani?"

"Ya gani."

"Mi ya ce?"

"Ya ce in buga kada in faɗa maka."

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, kaɗan. Ya ajiye katin a kan gwiwa ya dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Mai hoto, tun ba a haife ka ba nike auna salla da inuwata a wurin ga. Ladan ba shi buɗe baki sai na taka ta na ce mai ta yi. Rani da damina na san inda take kwana. Kai kana tsammanin akwai sa'ar da zan tsaya bisa ƙasar ga ban san inda kaina ya kai ba?"

Na tuna yadda ya tafi yana kallon ƙasa, ya tsaya, ya ƙara taku. Na tuna wuridin da ya ƙi ƙarewa.

Ya ce, "Ban zauna gaban akwatinka ba, kai kuma ba ka karya alkawari ba. Ka buga shi yadda ya fito. Guda ɗaya. Baƙin fim ɗin ka kawo man nan." Ya sake duban katin, ya sa yatsa a wuri ɗaya, ya yi ajiyar zuciya. "Sandar ga kaɗai na manta ban aje ba. Da ta tafi ba ni riƙe sanda."

Na ce, "Ana iya shafe ta, Malam. Aikin ɗan lokaci ne."

Ya girgiza kai. "A'a, bar ta. Ban taɓa yi mata ƙarya ba."

Na koma Jega na buga shi a kan katin nan ɗaya, da tsohon magani mai kalar shayi, ina addu'a. Allah Ya taimake ni ya fito. Na wanke, na shanya, na sa shi tsakanin kwali biyu na ɗaure da zare. Da safe na kai tasha, na iske an gama lodi, Alhaji yana tsaye jikin mota ba hula. Na miƙa masa hular da kwalin, na ce Malam ya ce a kai. Ya kama hannuna ya riƙe har direba ya yi ta danna ham. Nagatif ɗin da guntun katin na mayar wa Malam a makon, ban san abin da ya yi da su ba. Shi ya sa duk hotunan icce da kuke gani a bangon nan babu tsamiyar a ciki, kuma ita ce mafi kyau da na taɓa ɗauka.

Malam Hamidu ya rasu da daminar da ta biyo, ba su sake ganin juna ba. Da Alhaji Garba ya zo gaisuwa ya biyo ta shagona, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce bai gaya mata komai ba, ya dai ce Baba ya ƙi, ga hoton tsamiya an samo mata. Aka tayar da ita aka jingina da filo, ya kwance zaren ya ɗora mata a cinya. Ya ce ko kallon iccen ba ta yi ba. Hannunta mai lafiya ta sa a ƙasan hoton, ta bi inuwar da yatsa tun daga rawani, a hankali, har ta zo wurin hannun ta tsaya.

Ta ce, "Alhaji, yaushe Baba ya fara riƙe sanda?"

Ya ce mini tashi ya yi ya fita daga ɗakin.